Ba a Ɗaukar Jaka a Jirgin Safe

In kana so ka gane 'yan jirgin safe, dubi hannuwansu. Babu akwati, babu ƙunshi, babu ledar tsaraba. Jakar kwamfuta ce kawai a kafaɗa, sai kwat rataye a hannu, an juyo cikinta waje don kada ta kwashi ƙura. Takalminsu sau-ciki ne marar igiya saboda wurin bincike: ka zare, ka wuce, ka zura. Tsofaffin hannu a cikinsu ko bel ba sa ɗaurawa sai sun tsallake na'ura. Tun daga gida suke fitowa da shigar ɗakin taro, su sauka a wancan gari kafin rana ta yi zafi, su yi abin da ya kai su, su biyo jirgin yamma. Kayan da ka fita da su, da su za ka dawo.

Ni ma ina cikinsu. Injiniya ce ni a wani kamfani mai sayar wa masana'antu injinan cika kwalba da liƙe leda, kuma ni kaɗai ce mace a cikin masu tafiya. Ba wanda ya ba ni wurin nan kyauta. Ni na zo ta ɗaya a ajinmu, ni na zo ta ɗaya a jarrabawar ɗaukar aiki, kuma ban taɓa jin nauyin faɗin haka a gaban kowa ba. Shi ya sa Akanta, mai kula da kuɗin kamfaninmu, ya laƙaba mini Farfesa, sunan ya bi ni har bakin masu gadi.

Akanta dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, siriri, mai furfura a gemu. Ban taɓa ganin mai tattalin tufafi irinsa ba. Karin wandonsa sai ka ce zai yanka albasa. A jirgi sai ya jira kowa ya gama tura kayansa a ma'ajiyar sama, sannan ya ninke kwat ɗinsa ya kwantar da ita a kai, ya ɗan ɗage wando daga gwiwa, ya zauna. Ba ya shan shayin jirgi, wai jirgi ɗan rainin wayo ne, sai ka kai kofi baki yake tuntuɓe.

Tafiyata ta farko da su, da akwati mai taya na zo. Na zuba kayan canji, da takalmi, da tawul, har da ɗan ƙaramin dutsen guga. Akanta ya dube ni, ya dubi akwatin.

"Farfesa, ƙaura za ki yi? Ko auren ne ya mutu ba mu da labari?"

Manajanmu bai yi dariya ba. Amma da muka sauka suka tsaya jirana a wurin karɓar kaya, yana ta duba agogo, sai na gwammace dariyar. A cikin mota ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Injiniya, mu ba ma jiran kaya. Wanda zai bi mu, da abin da ke jikinsa yake tafiya."

Ban sake bari an faɗa mini ba. Na nemo yadi marar yamutsewa, na sa tela ya ɗinka mini siket da kwat baƙaƙe da masu duhun shuɗi. Na koyi naɗa ɗankwali ba da fil na ƙarfe ba, don kada na'ura ta yi kuka a kaina. Jakata ta zama ta fi ta kowa sauƙi: kwamfuta, waya, caja, biro. Har na kai ina riga Akanta fita daga wurin bincike, in tsaya ina jiransa da hannu a ƙugu.

Sai na samu ciki. Na biyu ke nan. Na farko ya zube tun bai kai ko'ina ba, a shekarar da muka yi aure. Wannan kuwa ya zauna, ya haura wata huɗu, har na fara jin wani ɗan motsi in na kwanta shiru. Daga ni sai mijina sai likitata muka sani.

A kamfaninmu ba a korar mai ciki. Tausaya mata ake yi. A ce tafiya wahala ce, a ba ta tebur kusa da taga, a raba wa maza masana'antunta, wai kafin ta haihu. Matar da muke kira Anti, mai kula da ɗakin fayil, ita ma injiniya ce, ita ta fara hawa jirgin safe kafin in zo. Yaron da aka tausaya mata dominsa yanzu yana sakandare, ita kuwa tana nan kusa da taga. Na tambayi likitata, ta ce tafiyar da ba ta cika awa guda a sama ba babu illa, muddin ina jin ƙarfin jikina. Na riƙe maganarta, na ja bakina na yi shiru.

Ran da abin ya faru, za mu je nuna wa wata babbar masana'antar lemo tsarin sababbin injina. Ni na zana tsarin, ni zan yi bayani. Da safe na tsaya gaban madubi ina kokawa da zif. Baƙin siket ya ƙi rufuwa. Mai duhun shuɗi ya rufu, amma numfashi ya gagara. Mijina, wanda nake kira Malam saboda koyarwa yake yi a sakandare, yana zaune bakin gado yana goge takalmina.

"Wannan ma ya ƙi?"

"Ya ƙi."

"Lallai cikin nan ya fi Manaja iko. Ya ce yau ba baƙin kaya, kuma ga shi kin bi umarni ba musu. Ni ban taɓa samun haka a wurinki ba."

Na jefe shi da safa. Saura siket ɗaya, ruwan toka mai haske, wanda tela ya taɓa yi mini kuskurensa da yalwa, na jefa shi ƙasan durowa. Shi ya shige ni daidai. Na ɗora kwat ɗinsa a kai, na ɓalle maɓallin tsakiya, na juya gefe. Ba a ganin komai.

"Ki jefa zani ɗaya a jakar nan mana," in ji Malam. "Ko doguwar riga. Me zai rage ki da shi?"

"Jakar kwamfuta ce, Malam, ba kwandon wanki ba. Da yamma ina gida."

Ya bi ni har ƙofa da takalmin a hannu, ya durƙusa ya ajiye mini su, don ya san sunkuyawa ta fara yi mini wuya.

A jirgi mu uku ne a layi ɗaya. Manaja ya cire kwat, Akanta ya cire, maza duk suka cire, daga gaba har baya fararen riguna da nektai. Ni na zauna da tawa a ɓalle, saboda rigar ciki ba ta ɓoye komai.

"Farfesa, cire kwat ɗin nan," in ji Akanta. "Za ki sauka kamar wadda akuya ta tauna ta tofar."

"Sanyi nake ji."

"Sanyi? Ke da kike cewa a ƙara sanyin ofis har haƙoranmu na haɗuwa?"

"To yau na tuba, Baba."

Manaja ya ɗago daga wayarsa ya dube ni, ya mayar da kai.

Muna sama na ji marata ta ɗaure, ta saki. Na ce bel ɗin kujera ne, na sassauta shi. Ta sake ɗaurewa lokacin da jirgi ya fara sauka, wannan karon har bayana ya amsa. Na dafe hannun kujera, na dubi bayan kan mutumin da ke gabana, na yi ta addu'a a zuci.

Da muka sauka na shiga banɗaki. Ɗigo ne kaɗan, bai kai a kira shi jini ba. Na kira likitata. Ta ce yakan faru, in samu wuri in zauna, kada in ɗaga abu mai nauyi, in ya ƙaru in nufi asibiti mafi kusa. Na buɗe jakata ina neman audugar mata, alhali na san babu. Wata huɗu ban buƙace ta ba, kuma ni ce mai alfahari da jaka marar nauyi. Na naɗe tishu mai yawa na yi amfani da shi. Akwai kanti a can ƙarshen zauren, amma Manaja yana tsaye a ƙofar fita, mota tana jira, kuma masu tafiya ba jaka ba sa tsayawa sayayya. Na ɗaga kai na bi su.

Ɗakin taron yana hawa na sama, dogon tebur, kujeru masu farar fata, gilashi ta ko'ina. Ta ƙasa ana jin rugugin injina. Shugaban masana'antar ya zo da mutanensa, duk maza, sai wata sakatariya da ta ajiye ruwa ta fita. Aka kunna majigi. Na miƙe.

Zan faɗa ba tare da kunya ba: ban taɓa yin bayani mai kyau kamar na ranar ba. Babban injiniyansu ya so ya gwada ni, ya yi ta jefo tambayoyi yana kallon Manaja, kamar shi zai amsa. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya har ya ajiye biro. Duk lokacin da ciwon ya taso sai in juya wajen allo kamar ina nuna wani abu, in jira ya lafa. Zufa tana bin bayana a ƙarƙashin kwat. A raina ina cewa, ka jira ni, saura kaɗan, ka jira ni in gama mu tafi asibiti.

Na gama, na zauna. Ina zama na ji abu mai ɗumi ya sauko, ba ɗigo ba. Ya ci gaba da zuwa. Na haɗe gwiwoyina, na ɗora hannuwana a kan tebur, na kafe ido a kan kofin ruwa. Su Manaja suna maganar ranar kawo kaya. Ina jin muryoyinsu kamar daga wani ɗaki. Na san launin siket ɗina, na san launin kujerar da nake kai.

Aka kammala. Kowa ya miƙe, ana ɓalle kwat, ana gaisawa, ana dariya. Shugaban ya zagayo har inda nake.

"Injiniya, kin burge mu. Da za su ba mu ke, da mun riƙe ki."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ina zaune.

Murmushinsa ya ɗan rage. Manaja ya matso bayana ya rage murya.

"Tashi mana. Mutum yana tsaye a kanki."

Ban tashi ba. Na zaɓi a ce ina da girman kai; da ma an saba faɗa. Manaja ya sake magana, a wannan karon ta cikin haƙora.

"Farfesa, ba a nan ba. Don Allah ba yau ba."

Akanta yana ɗaya gefen tebur yana tattara takardu. Biro ya faɗi masa, ya sunkuya ɗauka. Ya ɗan jima a ƙasa. Da ya ɗago bai dube ni ba sam, sai ya tafa hannu yana fara'a.

"Ranka ya daɗe, ai Manajanmu tun a jirgi yake damuna, wai sai ya ga inda za a kafa injinan nan da idonsa. Ku taimaka ku kai shi, ko na huta. Ni da Farfesa akwai wani lissafi da za mu daidaita, in ba ta zauna a kai ba, ni za a kora."

Suka yi dariya. Manaja ya buɗe baki, Akanta ya dafa kafaɗarsa ya tura shi gaba kamar yaro. Ya bi su har ƙofa, ya rufe, ya juyo. Fara'ar ta tafi.

"Wata nawa, 'yata?"

Bai taɓa kirana haka ba. Na ce, "Huɗu da wani abu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Za ki iya tsayuwa?"

"Ban sani ba, Baba. Kujerarsu..."

"Kujerar banza. Bar ni da kujera."

Ya zare kwat ɗinsa, ya kama ni na miƙe, ya zagaya ta a ƙuguna ya ƙulle hannuwanta a gaba da ƙarfi. Ya kira sakatariyar nan, ya yi mata magana a hankali. Ba ta tambayi komai ba. Ta kai mu ta lif ɗin baya, ta nemo direba, ta shimfiɗa mini mayafinta a kujerar mota. Har yau ban san sunanta ba.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, amma babu sauran abin da za a riƙe. Likitan ya sa na'ura a cikina ya daɗe yana nema. Na gane tun kafin ya yi magana, daga yadda ya kashe allon a hankali. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba. Naƙuda ce, irin ta kowace mace, sai dai babu kuka a ƙarshenta. Wata nas mai jiki ta riƙe hannuna har aka gama, tana cewa, "Sannu ƙanwata, sannu, yi kukanki." Ban yi ba. Ta tambaye ni ko ina so in gani. Na ce ina so.

Na tambayi likitan, "Jirgin ne? Ko tsayuwar da na yi?"

Ya ce a'a. Ya ce bisa abin da ya gani, bugun zuciyar ya tsaya tun kafin in baro gida, wataƙila tun jiya ko shekaranjiya. Ko a gado na yini, haka za ta kasance. Na sa ya maimaita. Na san zan buƙaci maganar nan, domin akwai bakuna da yawa da ke jirana a gida.

Na kira Malam. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce yana zuwa. Jim kaɗan ya sake kira, jirgin yamma ya cika, zai shiga mota. Na ce bai isa ba, hanyar nan ba ta tafiyar dare ba ce, ba zan yi rashi biyu a rana ɗaya ba. Gobe da safe ina tafe. Muka yi ta ja har ya haƙura.

Wajen la'asar Manaja ya shigo da ledar lemo da ayaba. Ya tsaya daga bakin gado, kwat a hannu, don daga nan filin jirgi zai wuce. Ya yi mini sannu, kuma na ga da gaske yake.

"Sun sa hannu," ya ce. "Aikinki ne." Ya ajiye ledar. "Amma Injiniya, me ya hana ki faɗa? Da mun sani ai da ba mu bari kin wahala haka ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Da kun ba ni tebur kusa da na Anti."

Ya sunkuyar da kai yana gyara ledar.

"Ki huta sosai. Zan sa wani ya riƙe miki masana'antar nan kafin..."

"Ba sai an riƙe mini ba. In likita ya sallame ni zan dawo, ni zan kafa injinan nan."

Ya duba agogo, ya yi sallama.

Na zaci Akanta ya bi shi. Sai gab da magariba na gan shi ya turo ƙofa. Nas ta riga ta gaya mini cewa asibitin suna da wurin da suke binne irin waɗannan, kuma wani ma'aikacinsu ne ke kaiwa. Ashe Akanta ya ce ba za a binne jinin mutum babu wani nasa a wurin ba, ya bi ma'aikacin. Farar rigarsa ta jiƙe da zufa, ya cire nektai ya cusa a aljihu. Gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa, takalmin ba a magana.

"Baba, jirginka."

"Ya tafi. Ai ba shi kaɗai ba ne jirgi." Ya ja kujera ya zauna, ko wandon bai ɗage ba. "An yi komai yadda ya kamata. Ni na sa da hannuna. Wurin yana da inuwa."

A nan ne kukan ya zo. Na juya fuskata wajen bango, don ban saba a gan ni haka ba. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya zauna kawai, har nas ta zo ta ce lokacin masu dubiya ya ƙare.

Da safe aka sallame ni, sai aka rasa abin da zan sa. Siket ɗin ya tashi daga aiki, rigar ma haka. Akanta ya fita bakin asibiti ya dawo da doguwar riga mai manyan furanni ja da rawaya, wadda za ta ɗauki mata biyu irina, da silifas na roba.

"Baba, wannan ai labule ne."

"Ita kaɗai ce doguwa a wurin. Ni na san zaɓen kayan mata ne? Matata ma ta hana ni tun muna amarci. Sa kawai, Farfesa, ba gasar kyau za mu ba."

Shi ma da kayan jiya ya kwana a wani masauki. Ya wanke rigar a famfo, ba ta gama bushewa ba, kuma babu dutsen guga. Ya yi ƙoƙarin kankare ƙasar gwiwa, sai ta ƙara bajewa. Kwat ɗinsa tana cikin baƙar leda tare da kayana. Ya ce a zubar, na ce ni zan kai wanki.

Haka muka shiga layin jirgin safe, ni da labulena da silifas, ina tafiya kamar mai taka ƙwai, shi da yamutsattsiyar riga, yana riƙe da leda a hannu ɗaya, jakata a ɗaya. Ta ko'ina fararen riguna ne da ƙamshin turare. A wurin bincike na daɗe kafin in ɗora kayana, saboda juyawa ma ciwo ce. Wani saurayi a bayana, kwat a hannu, ya yi tsaki ya ce wa abokinsa, "Irin waɗannan su ke sa mutum ya makara. Su riƙa bin mota mana."

Na juyo na dube shi tun daga takalmi. Igiya ce da takalminsa, bel ɗinsa yana ɗaure.

"Ƙanena," na ce, "fara kwance igiyar nan tun yanzu, in ba haka ba ni zan jira ka a can."

Haka kuwa aka yi. Akanta ya yi dariya har da tari, ni ma na so in yi, sai dai dariyar tana ja mini mara.

A cikin jirgi na zauna wajen taga, abin da ban taɓa yi ba. Da muka tashi na leƙa garin. Na sha zuwa nan, amma ban san komai nasa ba sai filin jirgi da ɗakunan taro. Rufin gidaje, tituna, wasu filaye masu itatuwa nan da can. Ban san wanne ba ne a ciki. Na so in tambayi Akanta, na ga ya rufe ido, bakinsa yana motsi. Na ci gaba da kallo har gajimare ya rufe.

Malam yana tsaye a gaban masu jiran fasinja, ya riƙe ƙarfen shingen da hannu biyu. Bai yi aski ba, idanunsa sun kumbura. Na taho a hankali har na tsaya a gabansa. Ya kama hannuwana duka biyu, ya dube ni. Akanta ya miƙa masa jaka da leda, suka gaisa. Malam ya fara godiya.

"Bari, ɗana," in ji Akanta. "Kai ta gida ta kwanta. In ka samu sarari ka zo ofis, in kwatanta maka wurin. Ya kamata uba ya sani."

Ya tafi neman tasi. Mu muka nufi inda Malam ya ajiye mota, yana tafiya daidai da takuna. Ya buɗe mini ƙofa, ya kwantar da kujerar baya kaɗan, ya zagaya ya shiga. Ya sa makulli, bai murɗa ba.

"Mama ta kira," ya ce. "Da Yaya. Na gaya musu abin da likita ya ce. Na ce duk mai wata magana ya same ni, kada ya same ki."

"Za su yi ta ne dai."

"Su yi."

Motoci suna ta fita ta gefenmu. Ya dafa sitiyari, yana kallon gaba.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Yaya..." Ya juyo ya dube ni. "Yaya kamanni?"

Na buɗe tafin hannuna na nuna masa tsawon, daga nan zuwa nan.

"Komai ya fito, Malam. Har yatsu, har farce. Mace ce."

Ya kifa kansa a kan sitiyari. Na ɗora hannuna a bayansa, muka zauna a haka, har mai kula da wurin ajiye motoci ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko za mu fita.